Dalar Maikasuwa

Duk wanda ya taɓa sayen bokiti ko kwanon sha a rumfar Maikasuwa da ke kasuwar Kazaure ya san ba a rabuwa da shi sai an sha labarin Kano. In ka taya bokiti da araha, sai ya ce maka a Kano ko marfinsa ba za a ba ka haka ba. In ka ce ana zafi, ya ce ai ba ka ga zafin Kantin Kwari da azahar ba. Ko tuwo aka kawo masa daga maƙwabta, sai ya ɗanɗana ya girgiza kai, ya ce da Bakanuwa ce ta tuƙa da ba a ga gudaji ba. A faɗarsa, ya yi zaman birni har birnin ya gaji da shi, babu lungun da bai taka ba, kuma har gobe in ya sauka a tasha sai 'yan kamasho sun miƙe tsaye.

Gaskiyar maganar yayarsa Mairo kaɗai ta san ta, ita ma tana rufa masa asiri saboda ciki ɗaya suka fito. Tun yana saurayi ya yi rani guda yana gadin wani siton riɗi a Dawanau, can bakin Kano. Iyakar shigarsa cikin gari Kurna, nan ma ranar da ya raka maigidansa ta'aziyya. Sauran Kanon duk a bakin direbobi ya tsince ta, ya haɗa da abin da yake gani a wayoyin mutane, ya dama ya mai da ita tasa.

To, a wannan shekarar Maikasuwa yana da abin da ya fi bokiti damunsa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa mata sun yi aure, gida ya yi masa faɗi. Idonsa na kan Halima Sa'adiyya, wata bazawara tela da ke bayan kasuwa, mace mai fara'a da kaifin baki. Ya kai mata maganarsa, ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba, ta dai ce tana dubawa.

Wata yamma bayan an gama kaka ya je gaishe ta, ya tarar da ita a ƙofar shago tana hira da Martina, maƙwabciyarta mai sayar da kayan shayi, wadda kowa ke kira Maman Paul. Mijin Martina ma yana wurin, Julius mai walda, mutumin Kagoro da ya daɗe a Kazaure har Hausa ta zauna masa a baki daram. Hira ta kai ga Kano. Halima Sa'adiyya ta ce ita fa abin yana ba ta haushi, zuwanta Kano bai wuce dubiya a asibiti da wani biki ba, daga mota sai cikin gida, ko Dutsen Dala da ake ta faɗa ba ta taɓa sa shi a ido ba. Julius ya ce shi ma daga tasha sai tasha in zai je gida Kirsimeti, kuma yawanci barci yake yi.

Maikasuwa ya gyara zaman hula. Ya ce abin kunya ne a ce yana raye a garin nan maƙwabtansa ba su ga Dala ba. Ya ce su sa rana, shi zai kai su, ya hau da su Dala, ya sauko da su marinar Ƙofar Mata, ya ratsa da su Kasuwar Kurmi, su ƙare a gidan namun daji inda zaki ya san muryarsa. Julius ya ce akwai ƙanin Martina a Sabon Gari, ana iya kiransa ya tarye su ya nuna musu hanya.

"Baban Paul," in ji Maikasuwa, "ni za a nema wa ɗan jagora a Kano? Da ka zage ni kawai da ya fi."

Aka sa ranar Asabar. Kafin ranar ta zo labari ya zaga unguwa, masu son zuwa suka cika mota. Har Baba Yakubu, tsohon da ke zama a gindin dalbejiyar masallaci yana fama da ciwon gwiwa, ya ce ba za a bar shi ba, yana so ya ga Dala kafin ƙasa ta rufe masa ido. Mairo ta ja ƙaninta gefe ta ce masa ya ji tsoron Allah ya janye. Ya ce mata Kano ai ba wani abu ba ce, in ka san Dawanau ka san sauran, titi ne dai da gidaje. Ta ce to ita ma za ta je, ko don ta tattaro abin da ya rage na mutuncin gidansu.

Direbobin Kazaure da suka san Kano kamar tafin hannunsu suna nan birjik a tasha, amma Maikasuwa ya tsallake su duka ya ɗauko Ukasha, wani magidanci mai bas da ke jigilar 'yan kasuwa tsakanin Roni da Gwiwa. Ukasha ya faɗa masa gaskiya cewa shi bai taɓa tuƙi a cikin Kano ba. Maikasuwa ya ce hakan ma ya fi, don shi ba ya son direba mai musu. Daga nan ya aro lasifikar hannu a wurin wani mai tallar maganin gargajiya, ya sa aka wanke masa farar babbar rigarsa aka buga ta. Ya kuma kafa doka cewa kada wanda ya riƙo abinci, don ba a zuwa Kano da guzuri, abin dariya ne. Ranar tafiya Mairo ta shigo mota da ƙaton kwanon dambu, Martina da kular shinkafa, babu wadda ta ko kalle shi.

Tun daga fitar gari ya kunna lasifika, duk da cewa wanda ya fi nisa da shi a motar in ya miƙa hannu zai taɓa shi. Ya yi musu bayanin Dambatta kamar ba su taɓa cin kasuwarta ba. Ya nuna musu wata kuka ya ce nan ne iskar Kano take farawa, su shaƙa su ji bambanci. Baba Yakubu ya shaƙa, ya ce shi dai warin fetur yake ji.

Da suka iso Dawanau sai Maikasuwa ya zama sarki. Nan kam ya sani da gaske. Ya sa Ukasha ya faka, ya sauko da kowa, ya shiga gaba yana baza riga, yana nuna layin riɗi, layin zoɓo, layin wake, yana faɗin daga inda manyan motoci ke zuwa da inda suke nufa. Mutane suka fara kallon juna suna cewa ashe mutumin nan ba duka ne ƙarya ba. Halima Sa'adiyya ma ta jinjina kai, shi kuwa ya gani da wutsiyar ido, zuciyarsa ta yi fari. Da ya tsaya a nan da ya ci riba, amma daɗi ya ɗebe shi har ya kai su ƙofar tsohon siton da ya yi aiki. Wani dattijo da ke zaune yana ɗinkin buhu ya ɗaga kai, ya ƙura masa ido, ya washe baki.

"Wa nake gani kamar Maigadi? Kai ne ka yi tumbi haka?"

Maikasuwa ya yi saurin juyowa ya bayyana wa jama'a cewa laƙabi ne da manyan attajiran kasuwar suka sa masa, saboda shi ne mai sa ido a kan harkokinsu, ba sa ƙulla komai sai da shawararsa. Dattijon bai ji wannan ba, kunnensa ya yi nauyi. Ya ci gaba da tambayarsa ko har yanzu yana nan da barcin nan nasa, ya kuma fara ba Julius labarin ranar da awaki suka huda buhu suka yi walima a gefen kan Maigadi yana minshari. Maikasuwa ya duba rana ya ce lokaci ya tafi, Dala ba ta jiran kowa, ya kora su mota.

Suka wuce Bachirawa, suka wuce Rijiyar Lemo, yana ta zuba a lasifika. Suna wuce Kurna iliminsa ya ƙare tas. Motoci suka yi yawa, 'yan adaidaita sahu suka dinga ɓullowa ta ko'ina kamar an tashi gidan rina. Ukasha ya riƙe sitiyari da hannu biyu, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana tambaya dama ko hagu. Maikasuwa ya riƙa amsawa da duk wadda ta fara zuwa bakinsa.

Haka suka tsinci kansu a kan wata gada mai hawa da sauka. Maikasuwa ya ce su buɗe ido, wannan ita ce babbar gadar Kano, a gabansa aka kafa ƙafarta ta farko. Mata suka leƙa ƙasa suna salati. A gindin gadar cunkoso ya tsayar da su, Martina ta sayi rake a wurin wani mai baro. Aka ce Ukasha ya yi dama, ya yi dama, ya sake yin dama, sai ga su suna hawa gada kuma. Maikasuwa ya ce wannan ƙanwar waccan ce, iri ɗaya aka gina su don kada wata unguwa ta ce an nuna mata bambanci. Da suka hau karo na gaba ya ce wannan ita ce autarsu. A ƙasa mai rake ya ɗaga musu hannu yana dariya, ya tambayi Martina ko a ƙaro.

Baba Yakubu ya daɗe yana kallon mutumin ta taga, sannan ya ce, "Maikasuwa, wai shi wannan mai raken, kowace gada da shi ake gina ta?"

Motar ta ɗauki dariya. Julius ya fiddo wayarsa ya ce bari a tambayi taswira. Muryar wata mata ta fito daga wayar tana ba da umarni da Turanci, Julius yana fassarawa: ta ce a juya. Maikasuwa ya ce wannan matar ko ruwan Kano ba ta taɓa sha ba, a miƙe. Matar ta sake cewa a juya. Ya ga in ya bar ta za ta ƙwace masa mota, sai ya ɗaga lasifika don ya danne muryarta, babban yatsansa ya sauka a kan wani maɓalli da mai lasifikar ya gargaɗe shi kada ya taɓa.

Nan take muryar mai maganin ta ɓarke, wadda ya naɗa don talla, da ƙarfin da ya girgiza gilashi: ina masu basir mai tsiro, ina masu shawara, ina masu sanyin ƙashi, ga magani ya zo har inda kuke. Maikasuwa ya danna, ya sake dannawa, ya buga ta a gwiwa, murya ta ƙara tashi. Suna tsakiyar cunkoso, ba gaba ba baya. Kafin a ce haka mutane sun kewaye motar. Wani ya zuro hannu ta taga yana cewa a ba shi na basir. Wata tsohuwa ta kama hannun Halima Sa'adiyya tana zayyana mata yadda ƙugunta ke yi mata da asuba, tana kiranta matar malam. Halima ta ce wa tsohuwar ta yi haƙuri, shi kansa malamin yau shi ke neman magani.

Wani ma'aikacin kula da hanya ya ratso taron ya ce nan ba wurin talla ba ne, su gusa. Mairo ta fizge lasifikar daga hannun ƙaninta, ta naɗe ta da zani ta zauna a kai, amma muryar ta ci gaba da fitowa daga ƙarƙashinta tana kiran masu shawara. Sai da Julius ya roƙe ta ta ɗan ɗaga ya zare batir sannan duniya ta yi shiru. Ukasha kuwa, da hanya ta buɗe, bai tambayi kowa ba, ya kama titin da ya fi sauƙin motoci ya taka.

Titin ya yi ta tafiya da su. Benaye suka ragu, shaguna suka ragu, aka fara ganin filaye da gidajen da ba a gama ginawa ba, har da wata gonar dawa da ba a sare karanta ba. Wayar Julius ta yi ta magana har caji ya ƙare ta yi shiru. Suka tsaya a wani gidan mai, masu salla suka yi azahar, aka shimfiɗa tabarma a inuwa aka buɗe dambu da shinkafa. Mutumin da ya hana a zo da guzuri shi ya fi kowa kai loma, yana ci yana cewa don kada Yaya Mairo ta ji ba daɗi ne.

Bayan an wanke hannu ya zaga wurin mai zuba mai, da niyyar ya tambaye shi hanyar Dala a asirce. Har ya buɗe baki sai ya ji ƙamshin turaren Halima Sa'adiyya a bayansa. Ya mai da tambayar ta zama gaisuwa, ya tambayi mutumin lafiyar iyali kamar sun saba.

"Malam Maikasuwa," in ji ta a hankali, "ni dai Dala na fito gani. In ba za ta yiwu yau ba, ka faɗa mana mu kama hanyar gida, babu wanda zai mutu."

Ya ce ai sun ma iso, ta bayan gari ya biyo da su don a kauce wa cunkoso, hanyar 'yan gari ce da baƙi ba su sani ba. Ya koma mota yana addu'ar Allah Ya fitar da shi.

Ba su yi nisa ba sai ya hango wani abu ja ya tokare sama a bayan wata katangar kwano. Tudu ne ƙato na jar ƙasa, ya fi bene tsawo, samansa a shafe. Maikasuwa ya taɓa ganin hoton Dala a waya, ya san ja ce, ya san kanta a baje yake. Ko ya yarda har zuciyarsa, ko dai tsananin buƙata ce ta rufe masa ido, shi kansa ba zai iya faɗa ba. Ya dafa kafaɗar Ukasha ya ce ya tsaya, ya juyo ga jama'a da muryar mai albishir ya ce ga Dala nan.

Ƙofar katangar a buɗe take, babu kowa a bakinta. Suka shiga suka tsaya a gindin tudun suna kallo. Baba Yakubu ya caka sandarsa, ta nutse. Ya ce shi fa dutsen da ke bayan gidansa a Kazaure ya fi wannan kama da dutse. Maikasuwa ya ce tsufa ne, dutsen da ya ga zamanin da wannan ya gani dole ya yi laushi, Baba ya dubi gwiwarsa ma. Julius ya ce ya ji ana cewa akwai matakala. Maikasuwa ya ce an kwashe an kai gyara. Martina ta tambayi ina sauran masu ziyara, ya ce 'yan birni ba sa fitowa sai rana ta yi sanyi.

Aka fara hawa. Ƙafa na nutsewa, takalma na cika da ƙasa, mata na riƙe da juna suna dariya. Ukasha da Julius suka sa Baba Yakubu a tsakiya suka yi ta jan sa, shi kuma yana ambaton Allah a kowane taki. Da suka kai sama iska ta buso, gari ya bayyana a shimfiɗe har iyakar gani. Baba Yakubu ya share ƙwalla ya ce alhamdu lillahi, ya ga Dala. Halima Sa'adiyya ta dubi Maikasuwa da wani irin kallo mai taushi da bai taɓa samu daga gare ta ba.

Wannan kallon ne ya ƙarasa shi. Ya taka har bakin tudun ta ɗaya gefen, ya juya wa sarari baya, ya fuskanci jama'a, ya buɗe hannuwa ya fara tarihi. Ya ce a daidai inda suke tsaye maƙeran farko suka hura wutarsu tun ba a san Kano za ta zama Kano ba. Ya sunkuya ya tsinci wani guntun ƙarfe a ƙasa ya ɗaga, ya ce ga shaida, wannan aikin hannunsu ne. Julius ya karɓa ya goge da yatsa, ya jujjuya. Noti ne na babbar mota.

"Lallai maƙeran farko sun iya aiki," in ji Julius. "Har lamba suka buga masa."

Martina ta nuna wasu tuddai biyu can nesa a tsakiyar gidaje, ta tambayi su kuma mene ne. Maikasuwa ya ɗan waiga ya ce wasu 'yan tuddai ne marasa tarihi, kada ta ɓata idonta. Ya ci gaba da zuba.

A ƙasa, ta gefen da ba su gani ba, ma'aikatan hanya sun gama hutun cin abinci. Direban katafila ya hau ya tayar da ita, ya kafa ƙaton bokitinta a gindin tudun ya ɗebo. Masu sama suka ji ƙara, suka ji ƙasa ta motsa. Maikasuwa ya ɗaga hannu ya ce kada kowa ya tsorata, Dala takan yi haka in ta ga manyan baƙi. Bai rufe baki ba gefen da yake tsaye ya zabtare. Jama'a suka ga hula ta tsaya a iska, mai hular ya ɓace.

Ya gangara yana mirginawa, babbar riga na naɗe shi tana warwarewa, ƙasa na bin sa. Allah Ya sa direban ya ɗaga kai ya ga wani abu fari yana zuwa yana komawa ja, ya kashe inji. Maikasuwa ya ƙarasa gangarowa ya faɗa zaune daɓas a cikin bokitin katafila, ƙasa ta rufe shi har ƙirji. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar da bokiti, yau ga shi a cikin wanda ya fi kowanne girma.

Leburori suka sheƙo da shebur suka tono shi. Ban da targaɗe a idon sawu da ƙasa a kunne da hanci babu abin da ya same shi. Sauran suka sauko ta gefen da suka hau, Mairo na gaba tana kiran sunansa. Shugaban ma'aikatan, wani mai jar hular kwano, ya iso ransa a ɓace yana tambayar wa ya ba su izinin shiga, me kuma suke yi a kan ƙasar aiki da tsoho da mata.

Baba Yakubu ya dogara sanda ya ce, "Ɗana, yi haƙuri, baƙi ne mu daga Kazaure. Dutsen Dala muka zo ziyara."

Mutumin ya dubi tsohon, ya dubi tudun, ya dubi ma'aikatansa. Wani lebura ya yar da shebur ya riƙe ciki. Daga nan wurin ya kece, har direban katafila yana dukan sitiyari.

"Baba," in ji mai jar hula yana share hawaye, "wannan Dalar taku makon jiya tifa ta gama zubo ta, jibi kuma ba za ku tarar da ita ba, titi za ta zama. In kun lura da wasu duwatsu biyu can cikin gari da kuna sama, to ɗayan ne Dala."

Martina ta ce marasa tarihin nan ke nan. Duk ido ya koma kan Maikasuwa, yana zaune a ƙasa ja wur tun daga gira har yatsun ƙafa, idanuwa kawai ke haske. Ya buɗe baki zai ce wani abu, ƙasa ta fito. Halima Sa'adiyya ta yi ƙoƙarin danne dariya da gefen mayafi, ta kasa, ta zauna a kan wani bulo ta yi ta yi har tana riƙe hannun Martina. Baba Yakubu kaɗai bai yi dariya ba, yana ta tambaya ko ƙwallar da ya zubar a sama za a iya mai do masa.

Wani direban tifa da zai shiga gari ya ce su biyo shi a baya. Ukasha ya manne masa kamar an ɗaure su da igiya, kuma duk tafiyar ba a ji dama ko hagu daga bakin kowa ba. Rana ta yi sanyi suka isa gindin Dala ta gaskiya, ga matakalarta, ga mutane na hawa da sauka. Baba Yakubu ya caka sanda, ta yi ƙara ta dawo. Ya ce yanzu ya ji dutse. Aka sake jan sa har sama, Maikasuwa na ɗingishi a bayan kowa, mutane na ba shi hanya suna kallonsa. A can sama wani baƙo ya tambaye shi ko daga nan ya faɗo. Har ya gyara murya, Mairo ta taka masa lafiyayyar ƙafar, ya haɗiye.

Marina da Kurmi da zakin da ya san muryarsa duk ba a je ba. Kafin motar ta iso Kazaure labari ya riga su ta waya, har da hoton bokitin katafila da abin da ke cikinsa, wanda wani lebura ya tura wa Ukasha, shi kuma ya tura gida. Kwana da kwanaki Maikasuwa bai buɗe rumfa ba, yana gida da ƙafa a ɗaure, yana fitar da jar ƙasa daga kunne. Ya riga ya fid da rai da Halima Sa'adiyya, ko hanyar shagonta ya ce ba zai ƙara bi ba.

Sai ga Mairo wata safiya da saƙo. Ta ce Halima ta ce a faɗa masa tun rasuwar mijinta ba ta yi dariya irin ta ranar nan ba, kuma gidan da za a riƙa dariya haka ba abin gudu ba ne, ya tura manya. Amma da sharaɗi guda: in za a je Kano haɗo lefe, ita da Maman Paul da Mairo za su je, shi zai zauna a Kazaure.

Maikasuwa ya dubi ɗaurarriyar ƙafarsa. Can ya jawo hula ya kafa, ya ɗan karkata ta.

"Ta yi tunani," in ji shi. "In 'yan Kwari suka gan ni tare da ku, sai sun ninka muku kuɗin kaya. Sun san ni da yawa."